Sharhi: Kiɗa na rage jin gajiya, amma ba ya rage zafin rana

Bazara ta kama. Daga Korgom zuwa Urafan, daga Kanembakashe zuwa Cake, aikin ƙarfi ne a gaban kowa: ga sharar gona, ga kai taki, ga masu ginar rabin wata a kan fako, kuma da zarar ruwan shuka ya sauka sai sungumi, bayansa hauya. Abin da ya bambanta aikin yanzu da na shekarun baya shi ne sautin da ke tashi daga wurin aikin. A da gangar noma ake ji daga nesa. Yanzu tarho ne a aljihun saurayi, ko ƴar ƙaramar lasifika rataye a reshen gawo, ko kuma abin sauraro toshe a kunne.

Kowa ya san aiki da kiɗa ya fi sauƙi. Tambayar da sharhinmu na yau zai duba ita ce: sauƙin nan na gaske ne, ko kuwa jiki ake ruɗa? Idan ruɗi ne, wa ke cin riba, wa ke biyan bashin? Maganar ta shafi manomi, ta shafi ɗan kokowa, ta shafi ɗan ƙwadago, ta kuma shafi ƴan uwanmu da ke aikin gini ko haƙar zinariya a wasu ƙasashe.

Abin da kakanni suka sani

Bahaushe bai jira masana ba kafin ya haɗa aiki da kiɗa. Dubi gayya. Mai gona ya sanar, a dama fura, a tuƙa tuwo, a sayo goro, samari su jeru a bakin kunya. Makaɗi na biye da su da gangar noma, yana kaɗa taken kowa, yana kiran sunan uban wane da kakan wane. Saurayin da ya ji takensa, ga kuma ƴan mata na kallo, ba ya yarda a bar shi baya. Gonar da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da ita sai a kammala ta kafin azahar. A gayyar suruki kuwa abin ya fi zafi, domin mutunci ne a kan layi, ba hatsi kaɗai ba.

Sarautar sarkin noma ma, wadda a ƙasar Maradi ake danganta ta da wanda ya noma damin hatsi dubu, ba ta rabuwa da makaɗa. A tsallaken iyaka an yi mawaƙan da suka yi suna a kan waƙar manoma, irin su Maidaji Sabon Birni da Amali Sububu, kuma kaset-kaset ɗinsu sun shigo kasuwanninmu. Haka Ɗan Anace ya yi wa ƴan dambe.

Ɓangaren mata ma haka ne. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, taɓare na sauka ɗaya bayan ɗaya, ana lugude, ana tafi a tsakani. Mai niƙa a kan dutse tana rera waƙa ita kaɗai. Babu wanda ya koya masu wannan a lakkal. Jiki ne ya gano cewa idan motsi ya bi awo guda, aiki na tafiya.

Abin da masana suka auna

Masana motsa jiki sun raba abu biyu da mu muke haɗawa a kalma ɗaya, wato gajiya. Akwai wahalar da jiki ke sha da gaske, wadda ake aunawa da bugun zuciya da numfashi da zafin jiki. Akwai kuma yadda mutum ke jin wahalar a ransa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gunnar Borg ya tsara ma'auni na wannan jin, daga 6 zuwa 20. Ana tambayar mai aiki: a ina kake jin kanka? Idan ya ce 6, kamar yana zaune ne. Idan ya ce 20, ya kai maƙura. An zaɓi waɗannan lambobi ne don su yi daidai da bugun zuciyar matashi, daga 60 a minti lokacin hutu zuwa wajen 200 a ƙarshen ƙarfi.

Tun a 1911 wani Ba'amurke mai suna Leonard Ayres ya lura, a wata gasar tseren keke ta kwana shida a birnin New York, cewa mahaya na ƙara sauri duk lokacin da ƴan badujala ke kiɗa. A zamaninmu, wanda ya fi shahara a wannan bincike shi ne Costas Karageorghis na jami'ar Brunel a Landan. Abin da shi da abokan aikinsa suka samu shi ne, a aiki mai sauƙi ko matsakaici, kiɗa na rage jin wahala da kusan kashi 10 cikin 100. A wani gwaji da suka wallafa a 2009, mutanen da suka daidaita takunsu da kiɗa sun jure tafiya a kan injin gwaji kusan kashi 15 cikin 100 fiye da lokacin da babu kiɗa. A 2020 kuma an tattara bincike 139 aka duba su tare, sakamakon ya nuna hanya ɗaya: kiɗa na gyara yanayin rai, yana rage jin wahala, yana ƙara aiki kaɗan.

Ƴan tsere sun daɗe da sanin haka. A watan Fabrairu na 1998, Haile Gebrselassie na Habasha ya kafa sabon tarihin duniya a tseren mita 2000 na cikin zaure a birnin Birmingham na Ingila, ana sa masa wata waƙa mai saurin bugu wadda ya daidaita takunsa da ita. A 2007 hukumar guje-guje ta Amurka ta hana sa abin sauraro a kunne a tserenta, kafin daga baya ta sassauta dokar.

To, me ke jawo haka? Dalilai uku ne manya.

Na farko, hankalin mutum ba ya ɗaukar komai a lokaci guda. Idan kunne ya cika da kiɗa, saƙon da ke fitowa daga baya da cinya da kafaɗa ba ya samun wuri sosai. Ciwon na nan, hankali ne ya juya masa baya.

Na biyu, awo. Idan hauya na sauka daidai da bugun ganga, babu ɓarnar motsi, babu saurin banza da tsayawar banza. Wani gwaji a kan masu tuƙa keke ya nuna cewa waɗanda suka bi awon kiɗa sun buƙaci iska ƙasa da kusan kashi 7 cikin 100 don aiki iri ɗaya. Nan kam ribar ta gaske ce, jiki ne ya yi tattali.

Na uku, zuciya. Take da kirari na tada tsimi, suna kore kasala, suna sa mutum ya ji shi wani ne.

Akwai ƙarin abu biyu da suka shafi gayya kai tsaye. A 2013 wani masani a birnin Leipzig na Jamus, Thomas Fritz, wanda ya yi aiki a cikin ƙabilar Mafa ta arewacin Kamaru, ya haɗa injunan motsa jiki da kwamfuta ta yadda motsin mutum ne ke fitar da kiɗan. Waɗanda suka yi kiɗan da jikinsu sun ji wahala ƙasa da waɗanda suka saurara kawai. A jami'ar Oxford kuma an gwada matuƙan kwalekwale, aka ga cewa bayan sun yi tuƙi tare a awo ɗaya sun fi jure ciwo fiye da lokacin da kowa ya yi shi kaɗai. Kun ga ke nan, lugude da amshin waƙa da jeruwa a kunya sun fi tarho a aljihu ƙarfi. Wanda ke cikin kiɗan ya fi wanda ke jinsa amfana.

Inda ganga ke tsayawa

Amma kiɗa na da iyaka. Binciken ya nuna cewa idan aiki ya yi tsanani har numfashi na sarƙewa, mutum ba ya iya haɗa magana, to kiɗa ba ya ƙara rage jin wahala. A nan jiki ke ɗaga murya har ta danne ta ganga.

Filin kokowa ya isa misali. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe, har aka sa wa filin kokowar Maradi sunansa, ba a taɓa raba kokowa da makaɗa ba. Amma ku lura da lokacin da kiɗan ke aiki. Kafin kamu ne: ɗan kokowa ya shigo yana rawa, yana kirari, makaɗa na zuga shi, ƴan cali-cali na ba jama'a dariya. Da zarar an sarƙe, ƙirji ya haɗu da ƙirji, abin da ya rage shi ne horo da numfashi da dabara. Ganga ta kawo shi fili da zuciya, amma ba ta kayar masa da kowa. Yaran da ke atisaye a ƙauyuka da burin shiga cikin goman da za su wakilci jihar Maradi su riƙe wannan: kiɗa na taimaka wa doguwar atisaye ta safe, gudu da tsalle da ɗaga nauyi, amma ba ya maye gurbin abinci da barci.

Kenan kiɗa ya fi tasiri a aikin da ba ya da tsanani sosai amma yana da tsawo. Wane aiki ne wannan? Noman tsaye da noman duƙe, ginar rabin wata da tassa, daka, jan ruwa, ɗora bulo. Wato daidai aikin da muke yi a ƙarƙashin rana. Nan haɗarin yake.

Jiki magayi

Gajiya ba abokiyar gaba ba ce. Ƴar aike ce. Ita ke zuwa ta ce ruwan jiki ya ragu, zuciya na bugawa da yawa, a nemi inuwa. Kiɗa na rage muryar ƴar aiken nan, amma ba ya rage zafin jini ko digo ɗaya, ba ya mayar da zufar da ta fita. Mai aikin ƙarfi a rana na iya zubar da lita guda ta zufa ko fiye a cikin awa ɗaya. Idan ganga ta sa ya ƙara rabin awa a kan abin da ya saba, jiki ne zai biya.

A yankinmu, Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa. Kuma zafin na ƙaruwa. Ba mu manta da farkon Afrilun 2024 ba, lokacin da zafi ya mamaye Sahel ana cikin azumi. A garin Kayes na Mali an auna digiri 48.5 ranar 3 ga watan. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da labarin mutuwar mutum 102 a cikin kwana huɗu na farkon watan. Masanan da suka bincika daga baya sun ce ɗumamar yanayi da ɗan Adam ya jawo ce ta kai zafin ga wannan mataki. Ma'ana, ranar da kakanninmu suka yi gayya a cikinta ba ita ce ranar da jikokinsu ke ginar rabin wata a cikinta ba. Kuma ku tuna, gayyar noma a cikin damina ake yi, akwai gajimare, ƙasa na da sanyi. Aikin gyaran fako kuwa sau da yawa a rani da bazara yake faɗowa.

Akwai kuma cutar da ba ta nuna kanta rana ɗaya. A ƙasashen Nikaraguwa da Salbado na tsakiyar Amurka, dubban masu saran rake sun kamu da ciwon ƙoda, da yawansu matasa da ba su da ciwon sukari ko hawan jini. Masana sun danganta babban ɓangaren abin da aiki mai tsanani a cikin zafi, da ƙarancin ruwa kullum, da kuma biyan kuɗi gwargwadon yawan raken da mutum ya sara, wanda ke hana shi hutawa. Maganin da aka gwada can ba mai tsada ba ne: ruwa, hutu, inuwa. Inda aka bi shi, lahanin ƙoda ya ragu.

Wa ke cin ribar kiɗan?

Nan ne maganar ta bar ɗakin gwaji ta shigo gari. Idan kiɗa na sa mutum ya ƙara aiki ba tare da ya ji ba, sai a tambaya: ƙarin na wa ne?

A gayya amsar a fili take. Yau gonarka, jibi gonata. Ƙarfin da ganga ta fitar daga jikina zai dawo mini. Ban da haka, gayya na da birki. Fura na zuwa, a ajiye hauya, makaɗi ya sauke ganga, a zauna gindin itace. Makaɗin mutum ne mai ido, shi ma rana na dukansa, shi ma hannunsa na gajiya. Dattawa na gefe, suna ganin wanda ya fara tangaɗi.

Yanzu gayya ta ja baya a garuruwa da yawa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: samari sun tafi cin rani Najeriya, Libiya da Aljeriya, wasu sun nufi wuraren zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, gonaki sun tsuke saboda rabon gado, ciyar da ƴan gayya ya yi tsada, wasu kuma sun bar kiɗa saboda dalilin addini. Abin da ya maye gurbinta shi ne ƙwadago. A ƙwadago lissafi ya sauya. Idan kuɗin yini ake biya, ƙarin aikin da kiɗa ya jawo na mai gona ne, ɗan ƙwadago bai ƙaru da dala ba. Idan kuma gwargwadon aiki ake biya, kunya kaza ko rami kaza, to mai aikin da kansa ne zai ƙure sauti don ya manta da jikinsa ya ƙara jikka guda. Ta kowace hanya, ƙodarsa ce jingina.

Tarho kuma ba makaɗi ba ne. Ba ya gajiya, ba ya jin ƙishi, ba ya ganin wanda ya yi jiri. Waƙa na ƙarewa wata na shiga har sai caji ya ƙare. Mun riƙe rabin hikimar kakanni, wato kiɗan, mun yar da rabin, wato hutun da idon dattijo.

Aikin farfaɗo da ƙasa da ake yi a jiharmu, wanda hukumomi irin su PAM da shirin ProDAF suka tallafa, alheri ne babba. Fako da ya shekara bai fitar da ciyawa ba ya koma kiwo da noma, iyalai sun samu kuɗi a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma eka ɗaya ta awon gwamnati na cin rabin wata wajen 300, kowanne da diga ake fasa shi a ƙasa mai tauri, kuma mata da yawa ne ke cikin masu aikin, har da masu goyo. Duk kwamitin gari da ke tsara irin wannan aiki ya kamata ya sa ruwan sha da inuwa da lokacin tashi a cikin lissafi tun daga farko, kamar yadda yake lissafa diga da felu.

Maganar addini

Mun san a cikin masu saurarenmu akwai waɗanda ba sa sauraren kiɗa, kuma malamai sun yi bayani a kai, kowa da fahimtarsa. Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Abin da za mu ce kawai shi ne, abubuwan da ke rage jin wahalar su ne awo, da haɗuwa, da juyar da hankali. Ana samun su ba tare da ganga ba. Masu aiki na iya jeruwa su sauke hauya tare. Ana iya rera waƙar bege ko waƙar wa'azi da amshi. Masu ɗaga itace mai nauyi na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Taɓare kansa awo ne. Gargaɗin ma ɗaya ne ga kowa: duk abin da ya ɗauke hankalinka daga gajiya, ko kiɗa ne ko shirin rediyo irin namu, zai iya ɗauke shi daga ƙishirwa.

Kunne da hanya

Abin sauraro na kunne ya zo da nasa matsaloli biyu. Hukumar lafiya ta duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Ma'auninta ga babba shi ne kada a wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin ƙarfi na rage lokacin sosai. Mu da ba mu da na'urar awo, ga hanya mai sauƙi: idan wanda ke kusa da kai sai ya yi ihu kafin ka ji shi, sautin ya yi yawa. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

Na biyu, hanya. Samari masu gudun safe a bakin babbar hanyar da ta taso daga Maradi ta ratsa Tasawa da Maijirgi zuwa Damagaram, ko a kan hanyar Cadawa zuwa Mayahi, da ƴan kabu-kabu masu toshe kunne biyu, suna cire wa kansu abin da ke gaya masu babbar mota na tafe. Haka ƴan uwanmu da ke kan gini ko cikin rami: ihun abokin aiki na iya zama tsakaninka da mutuwa. A irin waɗannan wurare, a bar kunne ɗaya a buɗe, ko a ajiye abin baki ɗaya.

Abin yi

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ba cewa muke a daina ba. Kiɗan aiki gado ne mai amfani, kuma ilimin zamani ya gaskata shi. Ga dai abin da ya kamata a haɗa da shi.

A sha ruwa da agogo, kada a jira ƙishi. Masana lafiyar ma'aikata na ba da shawarar kusan kofi ɗaya kowane minti 15 zuwa 20 a aikin zafi. Tarhon da ke kawo matsalar na iya zama maganinta: bayan kowace waƙa uku ko huɗu, a tsaya a kurɓa. Bayan awa guda, a kashe sauti a shiga inuwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A ɗauki aiki mai nauyi da sassafe, a tashi kafin rana ta take, a koma da la'asar sakaliya idan ya zama dole. Wanda ya dawo daga tafiya, ko ya tashi daga zazzaɓi, ko bai saba da aikin ba, ya shiga a hankali cikin kwanaki, kada take ya zuga shi ya yi gasa da waɗanda suka saba. Masu azumi, masu ciki, masu shayarwa, tsofaffi da masu hawan jini su ne na farko da za a sa wa ido.

A duba fitsari. Idan ya yi ja ko ya yi kaɗan, ruwan jiki ya yi ƙasa, ko da mutum na jin ƙarfi. A kula kuma da ƙwayoyin da wasu ke sha don kashe gajiya, irin su tramol. Ƙwaya da kiɗa da rana idan suka haɗu, babu sauran mai gaya wa mutum ya tsaya.

A san alamomin haɗari: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗewar naman ƙafa ko ciki, kasala ta farat ɗaya. Wanda ya ji haka ya bar aiki ya sha ruwa a inuwa, idan akwai ruwan gishiri da sukari na likita ya fi. Idan kuwa mutum ya fara sambatu, ya rikice, ya faɗi, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, to wannan ba iska ba ce, ba kuma raki ba ne. A kai shi inuwa nan take, a sassauta tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, a garzaya da shi gidan likita mafi kusa ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Mintoci ne ke raba rai da mutuwa a nan.

Ga masu gona da shugabannin kwamiti: idan kun kawo makaɗi ko lasifika don aiki ya yi sauri, ku kawo tulu da bidon na ruwa daidai da shi. Ku naɗa mutum ɗaya, dattijo ko dattijuwa, wanda idan ya ce a tsaya, sauti zai mutu kowa ya zauna. Ga makaɗanmu da suka rage: ku ne kuka san lokacin zuga, ku ne kuma kuka san lokacin sauke ganga. Ku yi wa mai hutawa a kan lokaci kirari kamar yadda kuke yi wa mai gaba a kunya, domin samari abin da aka yaba suke bi.

Ga ku ƴan uwa da ke Kano, Legas, Abijan, Sabha, Tamanrasat da sauran wurare: ku ne ke aiko da tarho da lasifika, kuma mun gode. Idan za ku aiko da kuɗin noman bana, ku ware na ruwa da fura, ku tambayi ƙarfe nawa ake tashi daga gona. Ku ma can, idan waƙar gida na rage maku kewa da nauyin siminti, ku saurara, amma ku tuna iyalinku lafiyarku suke jira kafin kuɗinku.

Muna son jin ta bakinku. A garinku har yanzu ana gayya da ganga? Wa ke cewa a huta? Ku aiko mana da saƙo, za mu karanta a shirinmu na manoma. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga zafin rana. Amin.